Na sauke motata ƙasa, yanzu sai tutsu take yi: ina gyaran yake?

Tambaya: Na sa wa motata gajerun sifirin don ta ɗan kwanta, ta sauka da kamar milimita 45 gaba da baya. Shakazoba ban taɓa su ba, na kamfani ne, motar kuma ta ci kilomita 130,000. Kyau kam ta yi kyau, amma tun daga ranar ba ta daina tsalle ba. Ko ƙaramin tudu na hau sai ta yi ta tutsu, waɗanda ke zaune a baya su ne suka fi shan wahala. Wani ya ce in sayi koyiloba, wato shakazoba da sifirin a haɗe, wani ya ce in yanke robar da ke jikin shakazoba. Wanne zan yi?

Amsa: Malam, dakata da sayen komai tukuna, kuma kada ka sa wuƙa a jikin robar nan sai ka auna. Wannan tsallen da kake faɗa ciwo biyu ne suke amsa suna ɗaya, maganin ɗaya kuwa yana iya tsananta ɗayan. Na daɗe ina aikin ƙafar mota, kuma abin da na fi gani a irin wannan matsala shi ne a bar jaki ana dukan taiki. Mutum zai canza shakazoba har sau biyu, alhali abin da ya ƙare wa motarsa shi ne wurin motsi.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ƙarƙashinka idan taya ta hau tudu. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota. Idan aka danna shi, ba ya cinye bugun, ajiye shi yake yi ya mayar maka da shi. Da a ce shi kaɗai ne, da mota ta yi ta lilo sama da ƙasa har sai ta gaji don kanta. Shakazoba ce ke hana hakan. A cikinta akwai fistan da ke ratsa mai, man yana kutsawa ta wasu ƙananan ƙofofi da bawul, wannan turjiyar ce ke mayar da motsin ya zama zafi. Shi ya sa idan ka taɓa shakazoba bayan doguwar tafiya a kan gargada za ka ji ta da ɗumi. Kamfanin da ya ƙera motarka ya zaɓi ƙarfin bawul ɗin nan daidai da taurin sifirin da ya sa, ya auna su tare, ta yadda mota za ta yi lilo kamar sau 1 zuwa 1.5 a cikin sakan ɗaya sannan ta nitsu. Akwai abu na uku da mutane ke mantawa da shi, wato tazarar da taya ke da ita ta hau sama kafin ta ci karo da robar tsayarwa, wadda wasu ke kira bamstof. Ita ce robar nan mai kama da soso mai tauri da ke sarƙafe a sandar shakazoba, ko a manne a jikin shasi.

Da ka sa gajerun sifirin, abu biyu ka canza lokaci guda. Ka ƙara tauri, domin masu ƙera irin wannan sifirin suna taurara shi don kada mota ta riƙa zama a ƙasa. Ka kuma rage tazara da milimita 45 ɗin nan. Kowannensu yana haifar da nasa tsallen.

Ciwo na farko shi ne sifirin ya fi ƙarfin shakazoba. Alamarsa ita ce, idan ka wuce tudu ko kwari a titi mai gudu, mota za ta tashi, ta sauka, ta sake tashi, ta sake sauka, sau biyu ko uku kafin ta nitsu, kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa. Babu ƙarar bugu, sai dai rausaya, kuma kai direba za ka ji kamar sitiyari ya yi sakayau a hannunka. Lissafin a nan bai da tsanani kamar yadda ake zato. Idan taurin sifirin ya ninka biyu, ƙarfin riƙon da ake buƙata daga shakazoba yana ƙaruwa ne da kamar kashi 40 cikin 100. To amma taka shakazobar ta riga ta yi kilomita 130,000. Man cikinta ya tsufa, bawul ɗinta sun saki, ko da tsohon sifirin ma da kyar take riƙewa, sai dai ba ka lura ba saboda lalacewarta a hankali take zuwa. Yanzu ka ɗora mata wanda ya fi ƙarfi, asirinta ya tonu. Leƙa ka duba jikinta. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne masa ba wani abu ba ne, amma idan mai ya gangaro har ƙasa, ta gama aiki. Shafa tayar kuma da tafin hannu: idan ka ji ta ci a tudu-tudu, wani wuri ya lotsa wani ya taso, wannan shaidar taya ce da ke tsalle a kan titi ba mai riƙe ta. Gwajin nan na danna kusurwar mota da hannu a saki a ga ko za ta tsaya bayan tasowa ɗaya yana da amfani a motar da ba a taɓa ba. A wadda aka sa wa sifirin mai tauri ba na dogara da shi, domin ƙarfin hannunka ba zai iya danna ta yadda titi ke yi ba.

Ciwo na biyu shi na fi zargi a motarka, kuma a kansa zan daɗe. Shi ne mota ta zauna a kan robar tsayarwa. Tsallensa gajere ne, mai kaifi, mai sauri, irin wanda ke jefa mutum sama daga kujera, wani lokaci da ƙarar "dum" daga ƙasa. Yana tsananta idan an ɗauki mutane a baya ko an zuba kaya a but, kuma abin da ka faɗa game da fasinjojinka ya yi daidai da wannan. A ce motarka tana da tazarar milimita 60 kafin ta taɓa roba lokacin da ta fito daga kamfani. Ka cire 45, saura 15. Mutum biyu suka shiga baya, 15 ɗin ta tafi. Daga nan robar ce ke ɗauke da mota, ita kuwa tana ƙara tauri ne da sauri sosai gwargwadon yadda aka matse ta, har ta ninka sifirin sau da yawa. Babu shakazobar da aka ƙera ta riƙe irin wannan taurin. Ko ka sayi mafi tsada a duniya, za ta yi ta fama ne da abin da ba nata ba.

Kada ka ce ai sabon sifirin ya fi tauri, zai rama abin da aka rage. Ƙarfin bugun da sifirin ke iya ajiyewa yana tafiya ne da tazarar sau tazarar. Idan ka rage tazara zuwa rabi, sai ka ninka taurin sau 4 kafin ya shanye bugun da na asali ke shanyewa. Gajerun sifirin da ake sayarwa don hawan yau da kullum ba sa ko kusantar wannan, kuma da sun kai, da ba za ka iya zama a motar ba. Saboda haka duk motar da aka sauke za ta riƙa kai wa robarta ziyara fiye da da. Abin da ake nema shi ne ziyarar ta zama ta lokaci-lokaci, ta kuma zo da laushi.

Ga yadda za ka gane wanne ke damunka, ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ajiye mota a wuri mai shimfiɗa, tayoyi a ƙasa, ka ɗaga robar da ke kare sandar shakazoba daga ƙura, ka haska fitila ka ga tazarar da ke tsakanin saman jikin shakazoba da bakin robar tsayarwa. Idan tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba, ko kuma suna taɓa juna alhali mota na tsaye babu kowa a ciki, ka samu amsarka. Idan akwai tazara, ɗaura siririyar igiyar robar nan da ake ɗaure wayoyin lantarki da ita a jikin sandar, ka tura ta ƙasa ta zauna a kan jikin shakazoba, ka fita ka yi tafiyar minti goma a hanyar da ka saba, da tuƙin da ka saba. Idan ka dawo, inda igiyar ta tsaya nan ne iyakar inda ƙafar ta kai. Idan ta nutse cikin robar bayan tafiya ta lumana a titi mai kyau, tazararka ba ta isa ba. Yi haka gaba da baya, domin sau da yawa ɓangare ɗaya ne ke da laifi. Rubuta kuma tsawon da ke tsakanin tsakiyar wili da bakin ramin taya a duk kusurwoyi huɗu, za ka buƙace shi nan gaba.

Na taɓa karɓar wata mota da mai ita ya riga ya zuba mata sababbin shakazoba masu kyau a wani gareji, tsallen bai ragu ba, har ya fara zargin jabu aka sayar masa. Da muka haska fitila, robar baya a matse take tun mota na tsaye. Gajerar roba muka sa, muka ɗaga bayan da milimita 10, shakazobar nan da yake zagi ita ce ta koma tana aiki lafiya lau.

To yanzu batun yanke robar. Wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa maka. Wasu kamfanonin sifirin suna rubutawa a takardar da ke cikin kwali cewa a rage robar da kaza, wasu ma suna haɗo gajera a ciki. Idan naka sun zo da takarda, bi abin da ta ce. Idan za a yanke, a bar bakin nan mai tsini da laushi, domin shi ne ke sa haɗuwar ta zo sannu a hankali. Ka sani kuma duk abin da ka yanke, ragowar ta ƙara tauri: za a daɗe ba a kai gare ta ba, amma idan aka kai, dukan ya fi zafi. Shi ya sa na fi son a sayi gajerar roba da aka ƙera a haka a kan a yanke doguwa. Cire ta gaba ɗaya kuwa kada ka kuskura. Ita ce ke hana fistan dukan gindin shakazoba, ta hana zoben sifirin haɗuwa da juna ƙarfe da ƙarfe, ta hana taya cin bodi. Kafin a rage ko milimita ɗaya, aikin da ya dace shi ne a cire sifirin, a mayar da ƙafar da tayarta, a ɗaga ta da jak har ƙarshe a ga me zai fara taɓa wani. Idan taya ce ta fara taɓa bodi kafin roba ta gama matsewa, robar ba ta da tsawon da za a rage.

Idan awonka ya nuna tazara na nan, rausaya ce kawai ke damunka, to shakazoba za ka canza, kuma kada ka sake sayen irin ta kamfani. Nemi wadda aka yi don gajeren sifirin. Bilstein, alal misali, sun raba nasu: B6 don motar da ke tsayinta na asali, B8 kuma gajera ce da aka yi don motar da aka sauke. Koni Sport, mai launin rawaya, tana da wurin murɗawa da ke ƙara ko rage ƙarfin riƙon dawowa, wato yadda take riƙe sifirin idan yana miƙewa bayan bugu, wanda shi ne ɓangaren da sifirin mai tauri ya fi buƙata. Sai dai ka yi tambaya ɗaya kafin ka biya: me aka gajarta? Wata sandarta kawai aka rage, don kada sifirin ya yi sako-sako ya fita daga mazauninsa idan taya ta rataya. Wannan yana da amfani, amma ba ya ƙara maka tazarar hawa ko kaɗan. Wadda aka gajarta jikinta ita ce ke mayar maka da wurin motsin da ka rasa. Wasu kuma robar tsayarwarsu a ciki take, ba a ƙara musu ta waje. Canza su bibbiyu, hagu da dama tare, kuma a motar da ta yi tafiya irin taka ni duka huɗun zan canza, tare da mazaunin sama idan robarsa ta tsage.

Koyiloba kuwa, wato shakazoba da sifirin a haɗe da zoben murɗa tsayi, tana iya zama magani, tana kuma iya zama sabon ciwo. Mai kyau an auna sifirinta da bawul ɗinta tare, jikinta gajere ne, kuma za ka iya ɗaga mota kaɗan-kaɗan har ka samu inda ta nitsu. Wannan ikon ɗagawar shi ne babban amfaninta a wurina. Amma araha ba ta ado. Masu sauƙin kuɗi da yawa suna zuwa da sifirin mai tsananin tauri da bawul marasa ƙarfin riƙe shi, sai ka sayi tsallen da ya fi wanda kake gudu. Idan ka saya, ga abin da nake roƙonka. In mai zobe biyu ce, daidaita tsayin mota da zoben ƙasa da ke tsawaita jikin shakazoba, shi kuwa zoben da ke ƙarƙashin sifirin a matse shi daidai yadda takarda ta ce, yawanci kaɗan ne, don sifirin ya zauna daram. Ni nakan nemi kusan kashi biyu cikin uku na tafiyar sanda su kasance na hawa, ɗaya na sauka, idan mota na tsaye da nauyinta. Wurin murɗa ƙarfi kuma, rufe shi har ƙarshe, ka ƙirgo baya zuwa inda kamfani ya ce a fara, sannan ka riƙa canza mataki biyu-biyu, kana ƙirga ƙyas ɗin da yake yi, kana gwadawa a hanya ɗaya, kana rubutawa. Kada ka ɗauka ƙara ƙarfi kullum shi ne gyara. Idan riƙon dawowa ya yi yawa, a kan gargada ƙafar ba ta samun damar miƙewa kafin bugu na gaba ya zo, sai mota ta yi ta nutsewa har ta zauna a kan roba, ka koma ciwo na biyu ta ƙofar baya.

Akwai kuma tsallen da ke zuwa daga rashin jituwar gaba da baya. Tun a shekarun 1930 injiniya Maurice Olley, yana aiki da General Motors, ya nuna cewa mota ta fi tafiya a shimfiɗe idan lilon baya ya ɗan fi na gaba sauri, saboda tayar baya tana isa tudu ne bayan ta gaba, dole ta yi hanzari ta cim mata su sauka tare. Wanda ya haɗa sifirin wani kamfani a gaba da na wani a baya yakan ɓata wannan, mota ta riƙa sunkuyo da ɗagowa kamar doki mai sukuwa. Tabbatar naka saiti ɗaya ne, na samfurin motarka da girman injinta, kuma ba a juya na gaba da na baya ko na sama da na ƙasa ba wajen ɗaurawa.

Ban ji ka ce an yanke maka sifirin ko an gasa shi ba, na kuma ji daɗin hakan. Ga mai karatu da aka yi wa haka: gasawa da wutar walda tana kashe ƙarfen, zai ci gaba da lotsawa ba daidai ba, ƙarshensa karyewa. Yankewa kuma, idan zobe 8 ne ke aiki aka cire 1, taurin ya ƙaru da kashi 14 cikin 100 kacal, tazarar da aka rasa kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Irin wannan sifirin ba shi da gyara sai canji.

Sauran ƙananan abubuwa biyu ka duba su a ranar da za ka yi awo. Na farko iskar taya: bi lambar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin mota, taya na sanyi. Lambar da ke jikin taya iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce. Idan ka ƙara girman wili lokacin da ka sauke motar, ka rage wani matashin: gefen taya 205/55 R16 ya kai milimita 113, na 225/40 R18 kuwa 90 ne. Na biyu bushin. Robar bushin da ke hannuwan ƙafa a manne take da ƙarfenta, murɗewa take yi idan hannu ya motsa. Idan an ɗaure notinta mota na rataye a kan jak, ko ba a sassauta ta ba sam bayan an sauke motar, to a murɗe take zaune dare da rana, tana ƙara tauri, tana kuma saurin tsagewa. A sassauta su, a sauke mota a kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a ɗaure.

Idan da kanka za ka yi aikin, don Allah kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sa mata ƙafafun ƙarfe na tokarewa. Sifirin da ke matse yana iya karya hannu ko ya fi haka, sai da na'urar matse shi ake kwance notin sama. Kada kuma a kama sandar shakazoba da filaya, ƙaramin ƙarzane ya isa ya yaga robar da ke tsare mai.

Ga abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka. Milimita 45 da yawa ce ga yawancin motocin hawa. Idan ka auna ka ga ko da gajerar roba da gajerar shakazoba tazarar ba za ta wuce milimita 20 ba, ni shawarata ka koma sifirin da ke sauke mota da 25 zuwa 30. A ido bambancin bai fi kaurin yatsa ba, a kujera kuwa mota biyu ce daban. Tsallen nan kuma ya wuce batun jin daɗi: tayar da ke sama ba ta birki, ba ta kwana, kuma a titi mai ruwa ko a kwanar da ke da gargada nan ne za ka buƙace ta.

Duk wanda ka zaɓa a ciki, bar motar ta yi 'yan kwanaki tana tafiya sifirin ya zauna, ka sake auna kusurwoyi huɗun nan ka gwada da abin da ka rubuta, sannan ka kai ta a daidaita ƙafafu a kan na'ura. Sauke mota yana karkatar da kan taya ciki, yana kuma canza inda bakinta ke fuskanta, na biyun shi ya fi cin taya da sauri. A duba saitin fitilun gaba ma, musamman idan gaba da baya ba su sauka daidai ba. Bayan sati biyu ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka shafa gefen ciki na tayar gaba. Idan ya fi na waje santsi, mayar da ita a sake saiti.